Me ya rage wa birnin Bonn tun da gwamnati ta koma Berlin?

Baba Sabo: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni ga waɗanda suka san Jamus. Duk mai sauraron sashen Hausa na DW kunnensa ya saba da sunan Bonn, mu kuwa mun taso ne muna jin ta a matsayin babban birnin Jamus ta Yamma. Yanzu yara na ce min ai ƙaramin gari ne, mutanensa ko rabin miliyan ba su kai ba, kuma tun da aka kwashe gwamnati zuwa Berlin babu abin da ya rage masa sai suna. Wai haka ne? Garin ya mutu ne, ko akwai abin da ke riƙe da shi?

Dakta Bashir: Wa alaikumus salam Baba. Yaran sun yi daidai a lissafi, hukuncin ne suka yanke da gaggawa. Mutanen Bonn kimanin 330,000 ne. Kolon, da ke arewa da ita da tazarar kusan kilomita 30 a bakin Kogin Rhine ɗin nan dai, ta haura miliyan ɗaya. Ko a jiharsu ta Nordrhein-Westfalen ba Bonn ce hedikwata ba, Düsseldorf ce. To amma mutuwa kam ba ta mutu ba. Yawan jama'arta yau ya fi na lokacin da gwamnati ke zaune a can, kuma kowace safiya mutane fiye da 100,000 ke shigowa aiki daga garuruwan kewaye. Garin da ya mutu ba a yi masa irin wannan sammako.

Nafi'u: Ni dai abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda aka yi tun farko ƙasa kamar Jamus ta bar manyan birane irin su Frankfurt da Hamburg ta ɗauki wannan ɗan garin. Babu hannun wani a ciki kuwa?

Malam Ilu: Akwai hannu mana, Nafi'u, amma akwai dalili ma. Bayan yaƙin duniya na biyu an raba Jamus, Berlin ta zama tsibiri a tsakiyar yankin da Tarayyar Sobiyet ke iko da shi, ba ta yiwuwa. A Bonn ne majalisar da ta rubuta kundin tsarin mulki ta fara zama a ranar 1 ga Satumba 1948, kuma a nan aka ƙaddamar da kundin ranar 23 ga Mayu 1949. Shugaban wannan majalisa shi ne Konrad Adenauer, tsohon magajin garin Kolon, wanda gidansa ke Rhöndorf, tsallaken kogi kaɗan daga Bonn. Shi ne ya zama shugaban gwamnati na farko, kuma ba a ɓoye yake ba cewa Bonn yake so. Har yau Jamusawa na tsokanar cewa dattijon ya zaɓi garin ne don kada ya yi nisa da lambunsa.

Amma hujjar da ta ci ita ce wannan: Frankfurt babban birni ne mai tarihi da kuɗi. Idan gwamnati ta zauna a can za ta yi saiwa, duniya kuma ta ɗauka an haƙura da rabuwar ƙasar ke nan. Ƙanƙantar Bonn ita ce saƙon, wato zaman wucin gadi muke yi, Berlin muke jira. A Nuwamba 1949 majalisar dokoki ta tabbatar da Bonn da ƙuri'a 200 a kan 176. Zaman wucin gadin nan sai da ya kai shekara 50.

Kuma kada a ɗauka ba ta taɓa ganin mulki ba kafin nan. Tun zamanin Rumawa akwai sansanin soja a wurin. Daga baya manyan limaman cocin Kolon, waɗanda su ne kuma sarakunan yankin, a Bonn suka yi fadarsu kusan shekara 200, har Faransawa suka shigo a 1794. Fadar tasu ita ce babban ginin jami'a a yau.

Garba Lissafi: Malam Ilu, tarihi ya yi daɗi, amma Baba yau yake tambaya. Ni a ganina Bonn birni ne da ake shayarwa da kuɗin masu biyan haraji don kawai kada a ce an wulaƙanta tsohuwar uwargida. Ma'aikatun tarayya shida har yanzu a Bonn babban mazauninsu yake: tsaro, muhalli, lafiya, noma, bincike da fasaha, da raya ƙasashe masu tasowa. Ministocin kuwa suna Berlin, don can majalisa take. Sai a yi ta jigilar ma'aikata tsakanin birane biyu da ke da tazarar kusan kilomita 600, ana kashe miliyoyin Yuro duk shekara. Wannan tsari ne ko ɓarna? A cire hannun gwamnati mu ga ko garin zai tsaya da ƙafarsa.

Hajiya Turai: Garba ka cika zafi. Bari masu sani su yi magana tukuna.

Dakta Bashir: A'a Hajiya, ƙorafinsa na da tushe, a Jamus ɗin ma ana yin sa, ƙungiyar masu biyan haraji ta daɗe tana neman a kwashe komai a gama. Amma Garba, sai ka duba yadda aka zo nan. Ƙasar ta haɗe ranar 3 ga Oktoba 1990, Berlin ta zama babban birni a takarda. Inda gwamnati da majalisa za su zauna kuma sai da aka wuni ana muhawara ranar 20 ga Yuni 1991, Berlin ta samu ƙuri'a 338, Bonn 320. Tazarar 18 kacal. Da irin wannan rinjaye ba ka isa ka kwashe komai ka bar rabin majalisa da fushi ba. Shi ya sa aka yi dokar Berlin da Bonn a 1994, wadda ta raba aikin, ta ba Bonn laƙabin birnin tarayya, ta kuma tanadi diyya ta kimanin Yuro biliyan 1.4.

Inda ni nake ganin hikimar shi ne abin da aka yi da kuɗin. Ba a raba shi ga waɗanda suka yi asara ba, kuma ba a zuba shi a cikin garin kaɗai ba. An gina sabuwar babbar makaranta mai rassa a Sankt Augustin da Rheinbach, an buɗe wata a Remagen, an kafa cibiyar bincike, an haɗa filin jirgin sama na Kolon da Bonn da layin dogo. Ku lura, Remagen ba ma a jihar da Bonn take ba ce, tana Rheinland-Pfalz. Masu tsarin sun gane cewa idan Bonn ta faɗi, ba ita kaɗai za ta faɗi ba, gundumar Rhein-Sieg mai mutum kusan 600,000 da gundumar Ahrweiler duk a jikinta suke ci. Sannan aka yi musaya: hukumomin tarayya sama da 20 suka koma Bonn daga wasu wurare, ciki har da hukumar binciken kuɗaɗen gwamnati daga Frankfurt da hukumar hana kamfanoni haɗa baki su danne kasuwa, wadda aka ɗauko daga Berlin kanta. Duk wannan an tsara shi kafin majalisa ta yi zamanta na ƙarshe a Bonn a Yuli 1999. Shekara takwas suka samu suna shiri.

Garba Lissafi: Ai ka ƙara ƙarfafa maganata ne Dakta. Hukuma, hukuma, hukuma. Duk albashin gwamnati ne.

Dakta Bashir: Kamfanin sadarwa na Deutsche Telekom da kamfanin aika saƙonni na DHL fa? Duka biyun a Bonn hedikwatarsu take, duka biyun suna cikin manyan kamfanonin da ke kan gaba a kasuwar hannun jari ta Jamus. Birane nawa ne masu mutum 330,000 a duniya ke da irin wannan? Telekom ce ke da rinjayen hannun jari a T-Mobile na Amurka. DHL kuwa babu wanda ke cikin mu da bai taɓa ganin motarsu mai ruwan ɗorawa ba. Dogon benensu na gilashi, mai tsayin mita 162, shi ne abin da ido ke fara gani idan an doshi garin.

Garba Lissafi: Kuma daga ina suka fito? Ba tsohuwar hukumar gidan waya ta tarayya aka farfasa, sannan a 1995 aka mai da kamfanoni ba? Sun zauna a Bonn ne don nan ma'aikatar gidan waya take. Gadon gwamnati ne shi ma.

Malam Ilu: Gado ne, babu musu. Amma ai ba laifi ba ne mutum ya ci gado, abin dubawa shi ne ya riƙe shi ko ya watsar. Tun 1995 kamfanonin nan ke da 'yancin tashi, ba su tashi ba.

Hajiya Turai: Ni wani ɓangaren nake son a taɓo. A wajen aiki duk takardar da ta shafi kwararowar hamada sai na ga adireshin Bonn a ƙasanta. Me ya haɗa garin da ke cikin ruwa da ciyawa da maganar hamada?

Dakta Bashir: Cikin cinikin 1994 ɗin ne, Hajiya. Gine-ginen gwamnati sun zama fanko, Jamus kuma na neman ta zama mai masaukin Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1996 ofishin masu aikin sa kai na Majalisar ya taso daga Janiba, a shekarar kuma sakatariyar yarjejeniyar sauyin yanayi ta zo. A 1999 ta yaƙi da kwararowar hamada ta biyo baya. Yanzu hukumomin Majalisar sama da 20 ne a harabar da aka buɗe a 2006, ma'aikata kusan 1,000, da yawansu a dogon benen da 'yan majalisar dokoki ke da ofisoshi a da. Duk shekara a watan Yuni wakilan ƙasashe kan hallara a Bonn su share fagen babban taron sauyin yanayi na ƙarshen shekara. Wahalar tattaunawar da ba a nunawa a talabijin a can ake shan ta. A 2017 ma babban taron kansa a Bonn aka yi, Fiji ce ta shugabanta amma ba ta da wurin ɗaukar dubban baƙi.

Wani abin takaici da dariya: sabon zauren majalisar dokoki an buɗe shi ne a 1992, bayan an riga an yanke shawarar tafiya. Shekara bakwai kawai aka yi ana amfani da shi. Yanzu zauren taro ne na haya.

Baba Sabo: To gidan rediyon namu fa? Ni a da Kolon nake jin suna cewa.

Malam Ilu: Kunnenka bai yaudare ka ba Baba. A Kolon suke har 2003, sannan suka koma Bonn. Ginin da suke ciki an fara shi ne don ofisoshin 'yan majalisa, ambaliyar Rhine ta Disamba 1993 ta lalata shi ana tsakiyar aiki, ya daɗe a yashe ana shari'a da gardama, daga baya aka gyara aka ba DW. Sashen talabijin nasu mafi yawa a Berlin yake.

Ummi: Sannunku da ƙoƙari iyayena. Ni ɗaliba ce, kuma abin da na sani game da Bonn shi ne nan ofishin DAAD yake, masu ba da tallafin karatu. Jami'ar garin tana da ƙarfi ne ko sunan tsohon babban birni take ci?

Dakta Bashir: Ummi, jami'ar ta girmi zaman gwamnati da shekara 130, a 1818 aka kafa ta, Karl Marx ma ya yi karatu a can a 1835. Tana da ɗalibai sama da 30,000. A gasar da gwamnatin Jamus ke yi don zaɓen cibiyoyin bincike mafi inganci, a zagayen 2019 Bonn ta samu guda shida, babu jami'ar da ta kai ta. A lissafi kuwa sai dai a bi bayanta, Peter Scholze da ya ci lambar Fields, babbar lambar yabo ta masana lissafi, a 2018 a nan yake koyarwa. Ban da DAAD, gidauniyar Alexander von Humboldt da babbar hukumar da ke raba kuɗin bincike ta ƙasar duk a Bonn suke. Asibitin koyarwarta da ke kan tudun Venusberg shi ne inda ake turo marasa lafiya masu tsanani daga ƙananan asibitocin yankin. Abin da zan gargaɗe ki a kai shi ne ɗaki. Samun wurin kwana a garin wahala ne, haya ta yi tsada, ɗalibai da yawa a garuruwan gefe suke zama suna shigowa a jirgin ƙasa.

Nafi'u: Kun yi ta lissafo ofisoshi kun manta da alawa. Kamfanin alawa na Haribo ai a Bonn aka haife shi a 1920. Da kuma Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa, a 1770.

Garba Lissafi: Madalla da ka kawo su. Beethoven ya bar garin yana ɗan shekara 21 ya tafi Biyana ta ƙasar Ostiriya bai sake dawowa ba. Haribo kuma ya ɗauke hedikwatarsa a 2018 ya koma Grafschaft. Kamfanin da aka haifa a garin da gumin ɗan garin, shi ne ya fita. Waɗanda gwamnati ta dasa su ne suka zauna. Me wannan ke gaya muku?

Dakta Bashir: Yana gaya min cewa ba ka duba taswira ba. Grafschaft tana gundumar Ahrweiler, tafiyar ƙasa da rabin awa a mota daga Bonn. Ma'aikatan ba su canja gida ba, hanya kawai suka canja. Garin ya cika ne, tsaunuka da dazuka da kogi sun matse shi, babu filin kafa babbar masana'anta, sai abin ya malala gefe. Abin da nake ta ƙoƙarin nunawa ke nan tun ɗazu: idan ka auna Bonn da iyakar da aka zana mata a 1969, lokacin da aka haɗe ta da garuruwan Bad Godesberg da Beuel, za ka ga ƙaramin gari. Idan ka auna ta da inda mutanen da ke karɓar albashi a cikinta suke kwana, za ka ga yanki mai mutum kusan miliyan ɗaya da ya ratsa jihohi biyu.

An ga wannan a fili a ambaliyar kwarin Ahr a Yuli 2021, wadda ta kashe mutum sama da 130. A takarda wata jiha ce. Amma a ofisoshin Bonn da makarantunta kusan kowa ya san wani da ruwa ya ci gidansa, don mutanen kwarin da yawa nan suke aiki.

Hajiya Turai: Allah ya kyauta. Na tuna hotunan.

Malam Ilu: Amin. Amma Dakta, don adalci, akwai inda Garba ya kama gaskiya kuma ba ka amsa ba. Dokar 1994 cewa ta yi akasarin guraben aikin ma'aikatun tarayya su ci gaba da zama a Bonn. Yau abin da ya rage a can bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ba a soke dokar ba, zamewa kawai ake yi sannu a hankali: wanda ya yi ritaya a Bonn sai a ɗauki magajinsa a Berlin, matashin da ke son ci gaba kuma ya san kusa da minista ake samun ƙarin girma. Garin da ƙarfinsa ke rataye da shawarar da ake yankewa a wani gari, dole ya kwana da ido ɗaya a buɗe.

Ga kuma maganar hanya. Da aka buɗe layin jirgin ƙasa mai gudun tsiya tsakanin Kolon da Frankfurt a 2002, ta ɗaya gefen kogin aka bi da shi, tashar tana Siegburg. Mutumin Bonn sai ya hau tarago ya tsallaka kogi kafin ya kama shi. Da gwamnati na nan daram, ina shakkar a yi mata haka. Gadoji uku ne kawai a kan Rhine a cikin garin, idan ana gyaran ɗaya kowa sai ya ji a jikinsa.

Dakta Bashir: Ban musa ko ɗaya ba Malam. Zamewar gaskiya ce, shi ya sa shugabannin yankin ke ta neman a yi sabuwar yarjejeniya da gwamnatin tarayya. Inda na bambanta da Garba shi ne a kan abin da zai faru idan ma'aikatun shida suka tafi gobe. A 1991 da an yi haka garin zai durƙushe, don babu komai sai gwamnati. Yau zai ji zafi, gidaje za su ɗan sauka, wasu shaguna su rufe, amma Telekom da DHL da jami'a da Majalisar Ɗinkin Duniya ba saboda ministan noma suke zaune ba. Hukumar tsaron intanet ta tarayya da rundunar sojan da ke kula da wannan fanni ma a Bonn suke, kuma ƙananan kamfanoni na taruwa a kewayensu.

Garba Lissafi: To idan haka ne me ya sa suke riƙe da ma'aikatun ƙam-ƙam? Wanda ya warke ai ajiye sanda yake yi.

Nafi'u: Wa ka taɓa gani ya mayar da abin da doka ta ba shi don kawai ya ƙoshi?

Ummi: Ni tambayata ta ƙarshe Dakta, tunda Kolon na kusa haka kuma ta ninka ta sau uku, ba za a wayi gari Bonn ta zama unguwar Kolon kawai ba?

Dakta Bashir: A zirga-zirga sun riga sun zama kamar gari ɗaya, jirgin ƙasa bai fi rabin awa ba, filin jirgin sama ma ɗaya suke amfani da shi, mai sunan Adenauer. Matasa da yawa na aiki a Bonn suna kwana a Kolon saboda can ne ake hidima da dare, wasu kuma akasin haka. Amma aikin da kowace ke yi daban ne. Kolon na da masana'antu, kafofin watsa labarai, kamfanonin inshora da bajekolin kasuwanci. Bonn na da hukumomi, bincike da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa. Mutanen kudu, daga Königswinter zuwa kwarin Ahr, idan suna neman babban asibiti ko jami'a ko aikin ofis, Bonn suke fara isa kafin Kolon, kuma yawanci a nan suke tsayawa.

Baba Sabo: Königswinter ɗin nan ba nan aka yi taron Afghanistan ba?

Malam Ilu: Nan ne Baba, a otal ɗin da ke kan dutsen Petersberg, tsohon masaukin baƙin gwamnati. A Disamba 2001 aka sa hannu, aka naɗa Hamid Karzai shugaban riƙo. Yarjejeniyar Bonn ake kiranta duk da ba a cikin garin aka yi ba.

Garba Lissafi: Ni dai ina nan kan bakana game da ma'aikatun shida. Duk wanda ke da alƙaluman abin da zirga-zirgar nan ke ci a shekara, da na abin da kwashewa gaba ɗaya za ta ci, ya ajiye mana su gefe da gefe mu gani.

Dakta Bashir: Gwamnatin tarayya na fitar da rahoto a kan kuɗin da raba ma'aikatun tsakanin biranen biyu ke ci lokaci zuwa lokaci. Zan nemo na baya-bayan nan in kawo, amma ka shirya, don kuɗin gina sababbin ofisoshi a Berlin ma sai mun sa a sikeli.